Katsina ko Kano: abin da fatake suka auna kafin su sauya mazauni

Tsakanin Katsina da Kano akwai tazarar kimanin kilomita 170. A zamanin jaki da raƙumi, matafiyi kan ci wannan hanya cikin kwana huɗu ko biyar, ya bi ta Kusada da Bichi. A cikin abin da bai kai shekara ɗari ba, manyan 'yan kasuwar ƙasar Hausa sun bi ta sau biyu ɗauke da iyali da bayi da dukiya, da niyyar sauya mazauni baki ɗaya. A karo na farko, zamanin Sarkin Kano Kumbari wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, sun bar Kano sun nufi Katsina. A karo na biyu, bayan 1807, magadansu sun juyo da akalar raƙumansu zuwa Kano. Biranen biyu ba su gusa daga inda suke ba, harshensu ɗaya, addinin manyansu ɗaya. Abin da ya sauya shi ne amsar tambayar da kowane mai shirin ƙaura yake yi wa kansa: a ina ne abin da na tara bana zai kai baɗi yana hannuna?

Lokacin da Kano ta kori baƙinta

Tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, bai ɓoye laifin sarakunan ƙarni na 18 ba. Ya nuna cewa Muhammadu Sharefa, wanda ya hau gadon sarauta a 1703, ya ƙirƙiro hanyoyin karɓar kuɗi iri-iri daga hannun talakawa, har da haraji a kan kasuwar Kurmi da kuma a kan 'yan matan da za a aurar. A zamaninsa ne kuma aka ce wuri ya shigo ƙasar Hausa a matsayin kuɗi, abin da ya sauƙaƙa ciniki, ya kuma sauƙaƙa wa fada ƙirga rabonta. Ɗansa Kumbari ya ɗora a kan abin da ya tarar. Yaƙe-yaƙe sun yi masa yawa, musamman da Gobir, kuma yaƙi na cin dawaki da sulke da kyaututtukan jarumai. Sai ya matse kasuwar Kurmi har ta kusa mutuwa, ya ɗora wa malamai ma haraji. Sakamakon da tarihin ya ambata a fili yake: Larabawa suka tashi suka koma Katsina, talakawa da yawa suka watse zuwa ƙauyuka.

Kurmi kasuwa ce da ta daɗe tun zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, amma daɗewarta ba ta tsayar da kowa ba. Baƙon da ya zo daga Gadamus ko Tawat ba shi da gonar gado a Kano. Dukiyarsa tana cikin kaya da bashin da yake bin mutane, kuma duka biyun suna iya hawa raƙumi.

Katsinar da suka tarar kuwa tana kan ganiyarta. Ita ce zangon ƙarshe na ayarin da ke tasowa daga Tarabulus, ya bi ta Gadamus da Gat da Azbin, ya sauko ta Damargu. Sunanta ya yi nisan da har Turawan ƙarshen ƙarni na 18, waɗanda ke tattara labarin cikin Afirka daga bakin fatake a arewacin Sahara, suka riƙa kiran yankin duka da shi. Ganuwarta, kamar yadda aka auna ta daga baya, ta haura kilomita 20 a kewaye. Tana da unguwannin baƙi da na malamai irin su Gambarawa da Masanawa, tana da hasumiyar Gobarau, tana kuma tinƙaho da waliyyanta na ƙarni na 17, Ɗan Marina da Ɗan Masani. Daga makarantun wannan ƙasa ne Muhammadu al-Katsinawi ya fito, masanin lissafi da taurari wanda ya koyar a Alƙahira ya rasu a can a 1741. Attajirin da ya sauka Katsina a wancan lokaci ya samu kasuwa, ya samu alƙali, ya samu malamin da zai karantar da 'ya'yansa.

Shekara ɗaya, makoma biyu

Jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya fara a 1804, kuma biranen biyu sun faɗa hannun masu jihadi kusan lokaci guda, a wajajen 1807. A Kano an ci Sarki Alwali da yaƙi a Ɗan Yaya, aka bi shi har Burumburum aka kashe shi. Gidan sarautarsa bai sake tayar da kai ba. A Katsina lamarin ya bi wata hanya dabam. Ummarun Dallaje ya karɓi birni, an ci Sarki Magajin Halidu a Ɗankama, amma ragowar gidan sarautar sun tsira zuwa Damagaram. Bayan 'yan shekaru Ɗan Kasawa ya dawo da su yamma, ya kafa Maraɗi a wajajen 1819, ƙasa da kilomita 100 arewa da tsohon birninsu. Sarakunan Maraɗi sun ci gaba da kiran kansu Sarkin Katsina, kuma sun riƙi wannan suna da gaske. Gobirawa, bayan an ci su tare da Maraɗi a Gawakuke a 1836, suka kafa Tsibiri daf da Maraɗi. Ta haka Katsina ta wayi gari da abokan gaba biyu zaune a kan hanyar da arzikinta ke shigowa.

Kano ma ba ta samu kwanciyar hankali nan take ba. Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819, ya shafe shekarun farko yana murƙushe tawaye, ciki har da na Ɗan Tunku wanda ya kafa Kazaure. Amma ya gama da su, ya kakkafa ribaɗi a kan iyakoki, ya yi shekara 27 a kan mulki. Ɗansa Abdullahi Maje Karofi shi ma ya yi kusan haka daga 1855. Akwai kuma sa'ar mazauni: duk mahayin da ya taso daga Maraɗi ko Tsibiri da niyyar hari, sai ya keta ƙasar Katsina kafin ya ga ganuwar Kano. Kaso mai yawa na zaman lafiyar da Kanawa suka mora, ƙauyukan Katsina ne suka biya kuɗinsa.

Ma'aunin attajiri

A ce ga attajiri a Katsina a wajajen 1830 ko 1850, yana da raƙuma da barori da abokan hulɗa a biranen biyu. Me zai ɗora a kan sikeli? Matafiya biyu daga Turai sun bar bayanin da ke taimakawa wajen amsawa: Kyaftin Hugh Clapperton na Birtaniya, wanda ya ga biranen a 1824, da Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim ya gan su a farkon 1851.

Ta fuskar lafiyar jiki, Katsina ce a gaba. Barth ya yabi ƙasarta da cewa tana kan tudu, a inda ruwan da ke gangarawa Tafkin Chadi ya rabu da mai gangarawa Kwara, don haka ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Kano kuwa Jakara ta ratsa tsakiyarta daf da kasuwa, ga kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini suna cike da ruwa mai wari. Barth kansa zazzaɓi ya kwantar da shi a Kano. Ta fuskar ladabi da daɗin zama ma ya ba Katsina fifiko, yana ganin a can ne Hausa ta fi tsabta a bakin masu ita, kuma mutanenta sun fi kowa kara. Clapperton ya tarar da ɓaure da rumman da lemun tsami a lambunanta. Idan ana zancen wurin da mutum zai so ya tsufa, ɗakin kara ya fi tumbin giwa.

Ta fuskar haraji, abin mamaki, babu wani bambanci mai yawa. Barth ya rubuta cewa a ƙasashen biyu kowane magidanci na biyan wuri 2,500 a shekara a matsayin kuɗin ƙasa, wanda a lokacin yake daidai da dalar azurfa ɗaya. Ya kuma ƙiyasta cewa iyali guda na iya rayuwa cikin wadata a Kano da wuri 50,000 zuwa 60,000 a shekara, har da sutura. Ke nan kuɗin ƙasa bai wuce kashi 5 cikin ɗari na abin da gida ke kashewa ba. Hasali ma Kano ta fi yawan ƙananan haraji: wuri 700 a kan kowace rijiyar rini, wuri 600 a kan kowane itacen dabino, ga kuɗin rafi a kan kayan lambu. Wanda ya bar Katsina a wannan zamani bai bar ta don gudun mai karɓar haraji ba, saɓanin waɗanda suka bar Kano zamanin Kumbari.

Sikelin ya rinjaya ne a kan hanya. Barth ya shigo Katsina daga Tasawa da Gazawa tare da ayarin gishiri na Buzaye, kuma tsakanin Gazawa da Katsina sai da suka keta daji mai hatsari, inda ya ga kufan Ɗankama babu kowa. Ayari mai ɗauke da jarin shekara guda ba ya son irin wannan caca. Sannu a hankali fataken Sahara suka karkata gabas, suka riƙa bi ta Damagaram su sauko Kano ba tare da sun leƙa Katsina ba. Idan ayari ya daina zuwa, fatoma ya rasa baƙi, dillali ya rasa la'ada, mai hatsi da mai ciyawa da mai gyaran sirdi duk su rasa ciniki. Tun a 1824 Clapperton ya tarar da gidaje da yawa a Katsina sun zama kango, aka kuma gaya masa cewa babban ciniki ya koma Kano tun bayan jihadi, ko da yake Buzaye da wasu 'yan Gadamus da Tawat ba su daina zuwa ba.

Abu na biyu shi ne irin kasuwar. Katsina ta iya jima da ɗinkin fata, amma ƙarfinta ya dogara ne a kan kayan da wasu ke kawowa su wuce. Kano tana sayar da abin da hannunta ya yi. Ƙauyukanta na noma auduga da baba, masaƙa na saƙa, marina na rinawa, mabuga na bugawa har tufa ta yi ƙyalli. Barth ya ce rijiyoyin rini a cikin birni kaɗai sun haura 2,000, ya ƙiyasta darajar tufafin da Kano ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300, kuma a cikinsu kayan raƙumi 300 na tafiya Tumbuktu kawai. Baƙin rawanin da ake rinawa a Kura ya zama abin ado ga Buzaye har cikin Sahara. Daular Sakkwato kuma ta haɗa Zazzau da Bauchi da Adamawa da Nupe da Ilori ƙarƙashin tuta ɗaya, kuma Kano ta fi Katsina kusa da tsakiyar wannan sabuwar kasuwa. Ko da hanyar arewa ta toshe, Bakano na da inda zai kai kayansa.

Abu na uku shi ne amana. Clapperton ya lura cewa idan mutum ya sayi riga ko turkuɗi a Kurmi ya tafi da ita gari mai nisa, ya buɗe ya tarar da aibi, yana iya mayar da ita, domin ana rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin, kuma dole dillalin ya nemo mai kaya a biya. Fatauci mai nisa a kan bashi yake tafiya, kuma bashi na zuwa ne inda ake da tabbacin za a biya.

Alƙaluman da Barth ya bari sun nuna inda aka kwana. Ya ƙiyasta mazauna Kano da 30,000, suna kaiwa 60,000 a lokacin rani idan fatake sun cika gari. Katsina, wadda yake ganin girman ganuwarta zai iya ɗaukar mutum 100,000 a zamanin ƙarfinta, bai ga fiye da 7,000 zuwa 8,000 a cikinta ba. Kuɗin ƙasar lardin Katsina duka ya sa shi tsakanin wuri miliyan 20 da 30, harajin Kano kuwa tsakanin miliyan 90 da 100. Ƙiyasin baƙo ne mai wucewa, kuma ya kamata a riƙe shi a matsayin haka, amma ratar da ya nuna ta fi ƙarfin kuskuren ƙirga.

Waɗanda suka tashi da waɗanda aka tasa

Larabawa sun fi kowa saurin tashi, domin su ne suka fi kowa sauƙin kaya. Sun cika unguwarsu ta Dandalin Turawa a Kano, daga zamanin da kalmar Bature ke nufin Balarabe. Bayansu sai Agalawa da Tokarawa, 'yan kasuwa masu asali daga ƙasar Buzaye, waɗanda da yawansu suka fara zama a ƙasar Katsina kafin su gangaro Kano. Su da Kambarin Barebari ne suka riƙe fataucin goro zuwa Gwanja a ƙarni na 19. Yawancinsu ba cikin birni suka sauka ba. Sun zaɓi garuruwan karkara inda za su samu gona da makiyayar jakuna da ganuwa, su noma abincinsu da damina, su ɗaura kaya da kaka. Zuriyar Alhassan Ɗantata misali ce da kowa ya sani: Agalawa ne, kakanninsa sun taso daga ƙasar Katsina suka zauna a Madobi, shi kuma aka haife shi a Bebeji a 1877. Ƙaura irin wannan ba a dare ɗaya ake yin ta ba. Wani ɗan uwa kan riga zuwa, ya samu masauki da gona da yardar dagaci, sa'an nan saura su biyo.

Manomin Katsina bai da wannan sauƙi. Gona ba ta hawa jaki, kuma wanda ya bar ta ya bar kabarin iyayensa da matsayinsa a gari. Da yawa sun zaɓi matsawa cikin garuruwa masu ganuwa, ko gangarawa kudancin ƙasar, wajajen Maska, inda auduga da saƙa suka ci gaba da bunƙasa nesa da mahayan Maraɗi. Yankin Ruma da ke yamma, wanda ya sha tawaye da ramuwar gayya a shekarun 1840, ya rasa garuruwa da yawa har daji ya cinye su. Wato raguwar birnin Katsina ba ta nufin ƙasar duka ta mutu. Jama'a sun sake rarraba kansu ne gwargwadon inda hari ke iya kaiwa.

Akwai kuma waɗanda suka bi hanyar Kano ba tare da an tambaye su ba. Clapperton ya ƙiyasta cewa fiye da rabin mazauna birnin bayi ne. Barth ya sa adadin bayin da ake fitarwa daga Kano a shekara a kusan 5,000, ban da waɗanda ake tsarewa a gidaje da rumada suna noma audugar da ake saƙawa. Arahar abinci da tufa da ta jawo attajiri, wani ɓangarenta gumin wanda aka kamo ne daga garin da aka ƙone. Duk kwatancin jin daɗin zama a biranen biyu yana duban duniya ne da idon mai 'yanci.

Ita ma Kano ba ta zama aljanna ga kowa ba. A wajajen 1846 wasu malaman Tsakuwa ƙarƙashin Malam Hamza suka ƙi biyan kuɗin ƙasa, suka yi hijira zuwa duwatsun Ningi, kuma daular da ta tsiro daga wannan hijira ta addabi kudancin Kano da hare-hare shekaru da dama. Buhari na Haɗeja ya girgiza gabashinta a shekarun 1850. Daga 1893 zuwa 1895 yaƙin basasa tsakanin Tukur da Yusufawa ya raba gidan Dabo biyu. Sai dai a lokacin da waɗannan fitinu suka zo, jari da sana'a da dangantakar aure sun riga sun yi saiwa a Kano, kuma babu wani birni kusa da ya fi ta aminci da za a gudu zuwa gare shi.

Abin da ya biyo baya

Zuwan Turawa ya kawo ƙarshen hare-haren Maraɗi, amma bai mayar wa Katsina da ayarinta ba. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta bar Maraɗi a ɓangare ɗaya, Katsina a ɗaya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya biyo baya, kuma jikokin fataken goro irin su Ɗantata ne suka zama manyan masu sayenta. Layin dogo da aka ja zuwa Ƙaurar Namoda ya bi ta Funtuwa ne, bai taɓa birnin Katsina ba. Abin da Katsina ta samu shi ne kwalejin da aka buɗe a 1922, wadda ta yaye da yawa daga cikin shugabannin Arewa na farko, ita ma aka mayar da ita Kaduna a 1938.

Idan aka jera ƙaura biyun, za a ga dalilansu sun bambanta a zahiri. A ƙarni na 18 hannun sarki ne ya yi nauyi a kasuwa, a ƙarni na 19 kuma hannun sarki ne ya gaza kaiwa kan hanya. Amma ga mai dukiya asarar iri ɗaya ce, ko dogari ne ya ƙwace kayan ko mahayi. Kyawun iska da daɗin harshe da tsufan suna duk sun shiga lissafi, kuma duk Katsina ce ta ci su a 1851, amma ba su hana ganuwarta zama fanko ba. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma fataken da suka bar birnin Korau sun yi aiki da wannan magana a zahirinta.

A 'yan shekarun nan iyalai daga ƙauyukan Batsari da Safana da Jibiya, a gefen dajin Rugu, wato yankin da ya taɓa zama kufai a ƙarni na 19, sun sake ɗaura kaya saboda 'yan bindiga. Wasu sun shiga birnin Katsina, wasu sun tsallaka Maraɗi, garin da kakanninsu suka taɓa jin tsoro, wasu kuma sun bi hanyar Bichi zuwa Kano. Kamar a da, mai shago da mai mota ne ke fara tafiya, manomi ne ke jira har sai an hana shi zuwa gona.